Yadda Ake Bin Diddigin Guguwar Hunturu a Gaɓar Tekun Arewa, Daga Saura Mako Guda Har Ta Wuce

Da zarar Nuwamba ta kama, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga 'yan uwa mazauna Hamburg, Bremen, Rotterdam, Hull, Aberdeen da Galway, da kuma iyayen da ke gida suna da ɗa ko 'ya a can: an ce guguwa na tafe, ta yaya za a san ko da gaske ne, ƙarfe nawa za ta iso unguwa, kuma teku zai hau tudu ko ba zai hau ba? Da waya ake yin aikin gaba ɗaya, kuma kusan komai kyauta ne. Inda ake rikicewa shi ne sanin abin da za a duba a kowace rana, domin taswirar da ke da amfani saura kwana shida, ba ita ake riƙewa ba in saura awa shida.

1. Haɗa kayan aiki tun gari na lafiya

Abu huɗu za ka sa a waya. Na farko, manhajar hukumar yanayi ta ƙasar da kake zaune: WarnWetter ta DWD a Jamus, KNMI a Holan, Met Office a Birtaniya, Met Éireann a Ailan, DMI a Denmak. Gargaɗinsu kyauta ne. WarnWetter tana da ƙarin taswirori da ake saya sau ɗaya tak, kuɗin bai kai Yuro 3 ba. Na biyu, Windy, inda za ka ga hasashen manyan cibiyoyi kusa da juna. Na kyautar ya wadatar. Na uku, shafin ruwan teku: BSH da Pegelonline a Jamus, Waterinfo na Rijkswaterstaat a Holan, Environment Agency a Ingila, SEPA a Sikotland. Na huɗu, saƙon gaggawa na gwamnati da ke shigowa da ƙara ko waya na shiru. In ƙasarka na da shi, shiga saitin waya ka tabbatar ba a kashe shi ba, in kana Jamus kuma ka ƙara da NINA, manhajar gargaɗin gaggawa ta gwamnati.

Wanda yake Kano ko Kumasi yana bibiya saboda nasa, shafin Meteoalarm ya ishe shi, don yana tattara gargaɗin ƙasashen Turai a taswira guda.

Hattara: tsohuwar waya da aka daɗe ba a sabunta ta ba tana iya rasa saƙon gaggawa. Manhajar yanayin da ta zo da wayar kuwa, mai zanen gajimare da rana, kada ka dogara da ita a wannan aiki.

2. Nemo duk sunayen guguwar

Guguwa ɗaya takan amsa suna biyu ko uku. Birtaniya da Ailan da Holan suna raɗa suna tare, Jamus tana bin jerin sunayen Jami'ar Freie ta Berlin, Denmak da Norwe da Suwidin kuma suna da nasu. Wadda Ingila ta kira Eunice a Fabrairun 2022, ita ce Zeynep a Jamus, ita ce Nora a Denmak. Rubuta sunayen a wuri ɗaya. In ba haka ba, ko dai ka ɗauka guguwa uku ne ke tafe, ko ka nemi labarin Hamburg da sunan Ingila ka ga wayam, ka ce ai babu komai.

3. Saura kwana 7 zuwa 4: dubi gungun hasashe, ba taswira ɗaya ba

A Windy zaɓi shafin fizgar iska, sannan ka riƙa sauyawa tsakanin ECMWF na Turai, GFS na Amurka da ICON na Jamus, a rana ɗaya da awa ɗaya. Tambayar da kake neman amsarta a wannan mataki guda ce: sun yarda akwai babbar guguwa kuwa? Awa da unguwa ba yanzu ba.

Daga nan sai gungun hasashe. Cibiyar ECMWF takan maimaita lissafinta sau 51, kowane da ɗan bambanci a wurin farawa, kuma shafuka irin su Wetterzentrale da Meteociel suna nuna sakamakon a matsayin layuka na kowane gari. In layukan sun dunƙule kamar tufkar igiya a ranar da ake magana, al'amarin ya kusa tabbata. In sun watse kamar tsintsiyar da aka kwance, to biyar daga cikinsu ne kawai ke ihu, saura suna cewa iskar yau da kullum ce.

Sau biyu a rana ya isa: wajen ƙarfe 8 na safe da 8 na dare agogon Jamus, lokacin da manyan lissafin ECMWF suka gama fitowa. Abin lura shi ne inda hasashen ke karkata cikin fitowa uku ko huɗu a jere.

Hattara: jar taswirar nan mai tayar da hankali da ke yawo a WhatsApp saura kwana tara, yawanci fitowa ɗaya ce da wani ya tsinta don ta fi muni. Duba ƙasan hoton ka ga ranar da aka fitar da ita kafin ka tura wa kowa.

4. Koyi karanta taswirar matsin iska

Nan ya kamata a zauna, domin wanda ya iya wannan ba ya jiran a fassara masa.

Cibiyar guguwa ita ce inda matsin iska ya fi faɗuwa. Taswirar Ingilishi tana sa mata harafin L, ta Jamusanci T. Lambar da ke kusa da ita ma'aunin hPa ce. Matsin yau da kullum 1013 ne. In ka ga 980, ka sa ido. In ta sauka 960 ko ƙasa, babba ce. Éowyn, wadda ta daki Ailan ranar 24 ga Janairun 2025, ta sauka ƙasa da 945. Saurin faɗuwar ma abin dubawa ne: in ta rasa 24 cikin awa 24, ita ce jaridu ke kira bam, kuma irinta ce ke ba masu hasashe wahala, don tana girma ne a kan hanya.

Layukan da suka kewaye cibiyar kamar yankakkiyar albasa su ne ke gaya maka ƙarfin iska. Inda suka matse da juna, nan iska ta fi gudu. Lambar tsakiya kaɗai ba ta isa hukunci ba. Guguwa mai 955 da layukanta suka baje a kan garinka tana iya wucewa salin-alin, mai 975 da layukanta suka cunkushe a kanka ta ɗauke rufi.

Sai gefen da kake. A arewacin duniya iska tana kewaya cibiya ne saɓanin tafiyar hannun agogo, ita kuma guguwar tana tafiya daga yamma zuwa gabas, saboda haka gefen kudu da kudu maso yamma shi ne mai zafi. Wato garin da cibiya ta bi ta arewa da shi, shi ke shan duka. Cibiyar Éowyn ta bi ta arewa maso yammacin Ailan, sai ga tashar Mace Head da ke gundumar Galway ta auna fizgar kilomita 184 a awa, mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa a ƙasar, gidaje da wuraren sana'a sama da 700,000 suka rasa wuta. Wanda cibiyar ta bi ta kansa kai tsaye yakan ga iska ta lafa na ɗan lokaci. In hanyar cibiya ta gusa da kilomita 100 kacal tsakanin fitowar safe da ta dare, garinka na iya shiga ko fita daga layin wuta, shi ya sa hanyar ake bi, ba launi ba.

Akwai kuma wani siririn harshen iska da kan ɓullo a bayan cibiyar guguwar da ta girma da sauri, wanda masana ke kira “sting jet”, sunan da aka ɗauko daga harbin wutsiyar kunama. Faɗinsa bai cika wuce kilomita 100 ba, yakan yi awa uku zuwa huɗu, amma shi ne kan kawo fizga mafi muni. In ka ji hukuma ta ambace shi, kada ka tsaya jayayya da lambobin Windy.

5. Daidaita ma'auni da agogo

Kowace ƙasa da mudunta. Birtaniya tana faɗin mil a awa, sai ka ninka da 1.6. Denmak tana faɗin mita a daƙiƙa, ka ninka da 3.6. Matuƙa jirgin ruwa suna amfani da not, ka ninka da 1.85. Fizgar mil 122 da Eunice ta yi a Needles, tsibirin Wight, kilomita 196 ke nan. A Windy ana sauya ma'auni ta danna shi a jikin layin launuka. Maida shi kilomita sau ɗaya ka huta.

Kada ka haɗa matsakaicin gudu da fizga. Matsakaici na minti goma ne, fizga ta 'yan daƙiƙu ce, kuma ita ke karya bishiya. Ƙarfin turi kuma ba ya hawa daidai da gudu: iskar 120 tana tura bango ninki huɗu na iskar 60.

Agogon taswirar matsin iska yawanci UTC ne, wato agogon bai ɗaya na duniya, wani lokaci a rubuta Z. A hunturu daidai yake da agogon Landan, Dublin da Accra. Jamus, Holan da Denmak suna gaba da awa ɗaya, daidai da Najeriya da Nijar. In taswira ta ce 03Z, ƙarfe 4 na asuba ne a Hamburg, haka ma a Zinder.

6. Saura kwana 3 zuwa 1: koma ga gargaɗin hukuma

Daga nan maganar hukuma ce gaba. Amma launi ɗaya ba ma'ana ɗaya yake ɗauka a ko'ina ba.

DWD tana da mataki huɗu. Rawaya daga fizgar sama da kilomita 50, ruwan lemo daga 65 zuwa 104, ja daga 105, shunayya in za a wuce 140 a faɗin yanki. A Ailan, jan gargaɗi yana nufin fizga sama da 130. Met Office kuwa ba lamba kaɗai take bi ba, tana auna yiwuwar abin da girman ɓarnarsa. Saboda haka rawayar Birtaniya saura kwana uku tana iya nufin babbar ɓarna da ba a riga an tabbatar ba. Buɗe gargaɗin ka dubi ɗan jadawalin da ke ciki, ka ga inda aka sa alama. In tana can gefen ɓarna mai yawa, ka sa ran za a ɗaga shi.

Cikin awa 48 na ƙarshe, hasashen da ke duba yanki dalla-dalla ya fi manyan: ICON-D2 ga arewacin Jamus da Holan, wanda ke sabuntawa duk awa uku, da UKV ga Birtaniya da Ailan. Ciro abu uku daga ciki ka rubuta a takarda: awar da fizga za ta fara wuce 80, awar ƙoli, da awar da iska za ta juya daga kudu maso yamma zuwa arewa maso yamma. Ta ukun za ka buƙace ta a mataki na gaba.

Hattara: jan gargaɗi yakan fito a makare, sau da yawa saura ƙasa da kwana ɗaya. Wanda ya ce sai ya ga ja zai fara shiri, ba a fafe gora ranar tafiya.

7. Yi lissafin ruwan teku

Ga mazaunin bakin teku ko bakin kogin Elbe, Weser, Humber ko Thames, wannan ne matakin da ya fi kowanne nauyi. Iska mai ƙarfi ita kaɗai ba lallai ta kawo ambaliyar teku ba. Abu uku ake dubawa.

Na ɗaya, fuskar iska. Gaɓar Jamus ta Tekun Arewa kamar bakin mazurari take, iskar arewa maso yamma ce ke cusa ruwa cikinta har ya haura Elbe zuwa Hamburg. Gabashin Ingila da iskar arewa yake cutuwa. Gaɓar Baltik kuwa, wato su Kiel, Lübeck da Flensburg, akasin haka ne, iskar gabas ce abokiyar gabarsu. Ita ce ta ɗaga ruwa mita 2.27 a Flensburg a Oktoban 2023.

Na biyu, lokacin cikar teku. Tekun Arewa yana cika sau biyu a rana, tazarar kimanin awa 12 da minti 25. Ɗauko jadawalin cika na garinka ka aza shi a kan awannin da ka rubuta. In ƙolin iskar arewa maso yamma ya faɗo daidai janyewar ruwa, an sha da ƙyar. In ya faɗo cikin awannin da ruwa ke hawa zuwa cika, to fa.

Na uku, wata. Cika ta fi tumbatsa kwana biyu zuwa uku bayan haihuwar wata da bayan cikarsa. Mai riƙe da kalandar Musulunci ya samu sauƙi a nan: 1 zuwa 3 ga wata, da 15 zuwa 18. Guguwar Xaver ta 5 da 6 ga Disambar 2013 ta zo kwana biyu bayan sabon wata, Eunice kuma kwana biyu bayan cikarsa. Faɗuwar matsin iska ma na ƙara nata, santimita ɗaya ga kowane hPa ɗaya.

Yanzu sai karanta sanarwar BSH, hukumar kula da teku ta Jamus. A Tekun Arewa, mita 1.5 zuwa 2.5 sama da matsakaiciyar cika ita ce Sturmflut, wato ambaliyar teku, 2.5 zuwa 3.5 mai tsanani, sama da 3.5 mai tsanani ƙwarai. A Baltik tun daga mita 1 sama da ruwan yau da kullum ake fara ƙirga ta.

Hattara da wurin da ake fara awo, don nan ne ko tsofaffin mazauna Hamburg ke yin tuntuɓe. Lamba uku ce ke yawo ga ruwa ɗaya. BSH tana auna daga matsakaiciyar cika, MHW. Hukumomin birni suna auna daga ma'aunin ƙasa, NHN, kuma a tashar awon ruwa ta St. Pauli da ke Hamburg matsakaiciyar cika tana sama da shi da kimanin mita 2.1. Pegelonline kuma tana nuna santimita daga gindin ma'auni, wanda ke mita 5 ƙasa da NHN. Don haka “mita 3” a bakin BSH, mita 5.1 ne a bakin birni, 1010 ne a Pegelonline. Xaver ta kai mita 6.09 NHN a St. Pauli, kusan mita 4 ke nan sama da cika. Ta fi ta 1962 tsawo, wadda ta tsaya a 5.70 ta kashe mutum 315 a birnin, sai dai a 2013 ganuwar ruwan ta riƙe. Abin da ke wajen ganuwa shi ne ke nutsewa. Kasuwar kifi ta Fischmarkt tana fara shan ruwa tun daga wajen mita 1.5 sama da cika, kuma kusan kowace guguwa sai an jawo motar wani daga wurin.

8. Shirya gida da tafiye-tafiye, saura awa 24

Kwashe baranda kaf: kujeru, tukwanen fure, shanya, keke. Kwandunan shara a shigar da su ko a ɗaure. Tagar da ake karkatarwa ta sama don shan iska, rufe ta ruf, domin fizga na shiga ta nan ta ɓalle ta. Ɗauke mota daga ƙarƙashin bishiya, gindin gini mai tayal a rufi, da bakin ruwa. Abin da ke ɗakin ƙasa mai daraja, a hau da shi sama.

Ruwan sha lita 2 ga kowane mutum a rana, na kwana uku aƙalla. Abincin da ba sai an dafa ba, magunguna, tocila, kuɗi a hannu don na'urar kati na mutuwa da wuta. Batirin cajin waya da ƙaramin rediyo mai batir, su biyun za su ci kimanin Yuro 40 zuwa 50.

Hattara: in wuta ta ɗauke, na'urar ɗumama gida takan tsaya ko da mai gas ce. Kada sanyi ya sa ka hura gawayi a kasko ko ka tada janareta cikin gida yadda aka saba a tsakar gida lokacin hunturu. Gidajen can a toshe suke ruf, hayaƙin kuma ba shi da wari, yana kashe mutum cikin barci.

Tafiya kuma a ɗage ta ko a gaggauta. Jiragen ruwan tsibirai irin su Helgoland da Norderney su ke fara tsayawa, sai jiragen ƙasa. Ranar Éowyn ScotRail, mai jiragen ƙasan Sikotland, ta dakatar da nata gaba ɗaya. Mai aikin dare ko kai saƙo a kan keke ya yi magana da shugabansa tun yau, da awannin nan a hannu. Eunice da Éowyn duk ranar Juma'a suka sauka, don haka a tambayi masallaci tun daren Alhamis abin da aka yanke.

9. Ranar guguwa: bar hasashe, bi ma'auni

Yanzu abin da tashoshi suka auna ake dubawa. Kalli waɗanda ke yamma da kai, don abin da ya same su shi ke zuwa. Mazaunin Hamburg ya dubi Borkum, Helgoland da Cuxhaven. Mazaunin Glasgow ya dubi arewacin Ailan. In fizgar da suka auna ta zarce hasashe da kilomita 15, ƙara hakan a naka lissafin.

Ruwa ma haka. Cikar Cuxhaven tana riga ta St. Pauli da kimanin awa uku da rabi, wannan ne ratar da kake da ita. Buɗe Pegelonline ka kwatanta layin ruwa da jadawalin cika. In lokacin janyewa ya yi ruwa ya ƙi sauka yadda ya saba, iska ce ta tokare shi, kuma cika mai zuwa a kan wannan tudun za ta hau. Guguwa ɗaya na iya kawo tunkuɗa biyu ko uku a jere, ba lallai ta farko ce babba ba.

In ka ji jiniya tana hawa tana sauka tsawon minti ɗaya a Jamus, kunna rediyo ko buɗe NINA nan take. Lambar gaggawa 112 ce a duk ƙasashen nan, 999 ma na aiki a Birtaniya da Ailan. Ɗaukewar wuta a Ingila, Sikotland da Wales, 105 ake kira.

Hattara: lafawar iska kwatsam ba ƙarshe ba ce, sau da yawa juyawa za ta yi ta dawo ta wata fuska da ƙarfin da ya fi na farko. Hawa ganuwa ko gadar bakin teku don ɗaukar bidiyo kuwa, da muguwar rawa gara ƙin tashi. A Fabrairun 2022 igiyar ruwa ta fasa gilashin gaban jirgin fasinja a cikin Elbe, a tsakiyar tashar Hamburg, ba ma a buɗaɗɗen teku ba.

10. Bayan ta wuce

Jira hukuma ta janye gargaɗi kafin ka fita. Duk wayar lantarki da ka gani a ƙasa, ɗauka tana da wuta. Daji da lambun shaƙatawa a ƙaurace musu na wasu kwanaki, don rassan da suka karye suna maƙale a sama.

Ɗauki hoton ɓarna kafin ka taɓa komai, ka haɗa da hoton gargaɗin ranar da fizgar da tashar kusa da kai ta auna. A Jamus inshorar gida da ta kaya tana biyan ɓarnar iska ne daga mataki na 8 na ma'aunin Beaufort, wato kilomita 62 a awa, kuma wannan hoton shi ne shaidarka. Mota sai mai inshorar da ake kira Teilkasko. Ambaliyar teku kuwa yawancin takardun inshora sun cire ta, duba taka. Ɗan haya ya sanar da mai gida a rubuce a ranar.

Kafin ka maida kujeru baranda, koma mataki na 3. In Tekun Atlantika ya buɗe ƙofa, guguwa kan biyo sawun 'yar uwarta: Dudley, Eunice da Franklin duk cikin mako guda suka zo, daga 16 zuwa 21 ga Fabrairun 2022, ta ukun ta tarar da ƙasa jiƙe sharkaf da bishiyoyin da saiwarsu ta riga ta saki.